Bayan mota ya karkace gefe ɗaya bayan an ɗaura koyiloba: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa sauke motarsa ƙasa da koyiloba, wato shokozoba da sifirin masu zare da zobba da ake juyawa a ɗaga mota ko a sauke ta, ya san wannan ɓacin ran. An biya kuɗin kaya an biya kuɗin aiki, an sauke mota daga kan jak, ka ja da baya ka leƙa sai kaga bayan ya kwanta gefe ɗaya, tayar hagu ta kusa shigewa cikin bodi ta dama kuma yatsa uku na shiga. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu BMW E46, Golf, Civic, Accord da Camry suka fi yi, amsoshin kuma na wanda zai kama sifana da kansa ne, ko wanda zai tsaya a kan bakanike har ya ga an yi masa abin da ya dace.

Oga na ƙirga zaren hagu da na dama sun zo daidai cif, amma gefe ɗaya ya fi sauka. Jabun kaya aka sayar min ne?

Ba lallai ba, kuma gaskiya yawanci ba laifin kayan bane. Abin da mutane basa son yarda da shi shine tun daga kamfani mota bata da nauyi iri ɗaya a ƙafafunta huɗu. Ɗauki E46, batirinta a cikin but yake ta gefen dama, kilo 20 ko kusa da haka, sitiyari da duk tarkacen direba suna hagu, salansa ma ta hagu ta fito. Sifirin kuwa ba ruwansa da zare nawa ka ƙirga, nauyi kawai ya sani. In sifirin ɗinka na baya mai ɗaukar kilo 6 ne a kowace milimita, wanda masu saida kaya ke cewa 6K, to ƙarin kilo 30 a kansa zai danne shi mm 5, lissafi ne ba tsafi ba.

Zaka ce to me yasa da can baka gani ba. Da can ma karkatar tana nan, wataƙila ma ta fi haka tunda sifirin ɗin kamfani ya fi laushi, sai dai lokacin tsakanin taya da bodi hannunka gaba ɗaya na shiga, bambancin mm 8 a cikin wannan filin ido baya kama shi. Yanzu da ka rage filin ya dawo yatsa biyu, mm 8 ɗin nan ya zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin, ko yaro ya zo wucewa zai ce motar nan ta karkace. Don haka zaren hagu da na dama ba dole su zo ɗaya ba, ai shi yasa ma aka yi kayan da zare. Amma fa kar ka yi saurin kama sifana, ka fara sanin dalilin tukuna, don akwai dalilan da in ka rufe su da juya zobe ka ɓoye cuta ne kawai.

Ta yaya zan auna? Ni daga ƙasa zuwa bakin bodi nake sa tef.

Wannan awon shi ke ruɗa mutane, saboda iskar taya ta shiga ciki, cin taya ya shiga, in ma tayoyin ba kamfani ɗaya bane (kamar yadda muka saba haɗa Belgium guda biyu daban daban a baya) shima ya shiga. Ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodin da ke saman taya, a miƙe tsaye. In gano tsakiyar na baka wahala, ka maƙala tef a leɓen rim na ƙasa ka ja sama ta tsakiya, muddin rim ɗin duka girma ɗaya ne. Ka yi da milimita, ka bar inci da yatsa.

Sannan wurin da motar ta tsaya. Ƙasan yawancin garejinmu ba shafaffe bane, bakin titi kuma da gangan aka yi shi da gangare don ruwa ya bi kwata, so awo a can ɓata lokaci ne. Ka nemi daɓen siminti mai kyau, ka auna ƙafa huɗu ka rubuta, sai ka juya motar ta kalli inda ta baro a daidai wurin nan ka sake aunawa. In karkatar ta koma ɗaya gefen to daɓen ne ba motar ba. Wanda yake son ya tabbatar sosai ya ari siririn tiyon ruwan nan da magina ke ɗaukar lebur da shi ya gwada wuraren da tayoyin huɗu za su zauna.

Kafin awo a daidaita iska, a fitar da kayan but, jarkoki da akwatin sifanu da katon sifika in akwai, mai kuma ya zama kamar rabin tanki. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kilo 0.74, tankin Camry Muscle lita 70 ne, kaga cikakken tanki ya haura kilo 50 kuma duk a baya yake.

Bambancin nawa ne za a iya ƙyalewa?

Kamfanoni da yawa suna ɗaukar abin da bai wuce mm 10 ba tsakanin hagu da dama a matsayin lafiya lau. A motar da aka sauke ni ina ganin a nemi mm 3 zuwa 5 a tsaya nan. Bin mm 1 wahalar banza ce, bakin bodin kansa ba a buga shi daidai har haka ba.

Ana sauke ta daga jak na auna, gefen da aka taɓa ya ɗage sama.

Haka zai yi. Lokacin da taya ke rataye tana lanƙwasowa ciki, in ta sauka ta kama ƙasa sai ta cije a nan ta hana ƙafar ta baje. A tura motar gaba da baya 'yan mitoci, a danna but sau biyu uku, ko mafi kyau a zaga layi da ita a dawo daidai wurin awon. Duk juyi ɗaya da aka yi sai an maimaita wannan, abin da ke cin lokaci kenan a aikin kuma shine wanda bakanike mai sauri yake tsallakewa. Sabbin kaya ma suna ɗan ƙara zama cikin kwanakin farko, robobi su kwanta sifirin ya samu mazauni, don haka awon ƙarshe a bari sai an ɗan yi yawo da motar kamar mako guda.

Wani yace min wai bushin ne ke riƙe ta. Ya za a yi bushin ya ɗaga mota?

Ya faɗa maka gaskiya, kuma a wajena wannan shine na farko da ya kamata a duba. Bushin ɗin roba ba juyawa yake a kan noti ba kamar yadda ake zato. Robar a manne take da bututun ƙarfen da ke tsakiya, in ka ɗaure noti bututun ya kafe, duk motsin da hannun ƙafar zai yi sama da ƙasa robar ce ke murɗewa. Ke nan ita ma ƙaramin sifirin ce. To ka duba yadda ake aiki a yawancin gareji, mota na sama ƙafa na rataye, yaro ya sa dogon faif ya ɗaure komai tamau, sannan a sauke. Robar an kulle ta a matsayin ƙafa a rataye, yanzu an tilasta mata zama a matsayin da ya fi na kamfani ma sauka, sai ta riƙa tura motar sama. In gefe ɗaya an ɗaure shi yana rataye ɗayan kuma an tallafe shi da jak lokacin ɗaurin, ko gefe ɗaya an kwance hannuwansa ɗayan ba a taɓa ba, shikenan karkata ta samu, kuma bushin ɗin da aka murɗe haka baya daɗewa yake yagewa.

Maganin ba ya cin ko sisi na kaya. A sassauta notocin da suka ratsa bushin a ƙafafun baya duka biyun, har da na gindin shokozoba, a ajiye motar a kan tayoyinta a bakin rami ko a kan tudun hawa, a girgiza ta, sannan a ɗaure tana zaune da nauyinta. In ba rami, a sa jak ƙarƙashin hannun ƙafar a ɗaga har tsakiyar taya ta kai awon da take zama, sai a ɗaure a haka. Notin alaimen mai wanshan nan da ba a tsakiya raminsa yake ba, a yi masa alama da fenti kafin a taɓa shi. Masu tsohuwar Civic ta 1992 zuwa 2000 su lura da katon bushin ɗin dogon hannun baya, shi ba sassauta noti ke gyara shi ba, in an sauke motar sosai sai an fitar da shi an ɗan juya shi an sake bugawa.

Sitabilaiza fa, tana da hannu?

Sosai. Ita sanda ɗaya ce da ta haɗa hagu da dama, in linkej ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa bakinta da ƙafa, ya fi ɗaya tsawo ko sandar ta taɓa lanƙwashewa, zata danne gefe guda ta ɗaga ɗayan. Gwajin mai sauƙi ne, ka cire linkej na gefe ɗaya a baya da gefe ɗaya a gaba, ka tura motar a hankali a cikin gida ka sake awo. In karkatar ta ɓace ka kama ɓarawon. Duk daidaita tsayi ma da linkej a cire ya kamata a yi shi. In an gama, mota na zaune a ƙasa, linkej ɗin ya shiga raminsa da hannu ba tare da an sa liba an banƙare sandar ba. In baya shiga sai da ƙarfi to mai zare ake nema wanda ake ƙara masa tsawo ko a rage, wasu kayan ma da shi suke zuwa a kwali mutane su jefar a but.

Zobba uku nake gani a jikin abin. Wanne zan juya?

Nan ne ake yawan ɓata kaya masu kyau. Koyiloba iri biyu ce a kasuwa.

Akwai wadda mazaunin sifirin ne kaɗai ke hawa da sauka, irin su KW V1, Bilstein B14 da Tein Street Basis. A wannan ba ka da zaɓi, zoben da sifirin ke zaune a kai shi zaka juya, sama mota ta ɗaga ƙasa ta sauka, kuma takardar kamfanin ta rubuta iyakar sama da ƙasa, kar a wuce.

Sai wadda jikin shokozoban gaba ɗaya ke shiga cikin kofin ƙasa da zare, irin BC Racing BR da Tein Flex Z, ita ce mai zobba uku ɗin da kake gani. Biyun sama na matse sifirin ne, na ƙasa shine makullin tsayi. A irin wannan ba a gyara karkata da zobban sama. Ana matse sifirin ɗin hagu da dama daidai da juna, ƙafa na rataye, a kawo zobe ya taɓa sifirin har ya daina rawa sannan a ƙara 'yan milimita kaɗan yadda takardar tace, galibi tsakanin 3 da 5, a kulle zobban biyu da juna a manta da su. Ka sa tef ka auna tsawon sifirin ɗin duka biyun a rataye, su zo ɗaya. Tsayi kuma sai a kwance zoben ƙasa a juya jikin duka, in ya shige cikin kofin mota ta sauka in ya fito ta ɗaga.

Me zai faru in ka ɗaga gefe ɗaya da zobban sama? Motar zata miƙe a ido, eh, amma ƙafar nan ka rage mata damar saukowa, ka shiga rami ko ka sauka daga kan bamp sai kaji ƙwas a gefe ɗaya, tayar na iya barin ƙasa kafin 'yar uwarta. Haka kuma kar a fito da jikin daga kofi har zare kaɗan ya rage a ciki, kowane kamfani ya rubuta mafi ƙarancin abin da dole ya zauna a ciki, wanda ya wuce nan da ransa yake wasa.

Juyi ɗaya cikakke yawanci mm 1.5 ne ko 2 a jikin zaren. Ka yi wa zoben ɗigo da fenti ka riƙa ƙirgawa kana rubutawa, kar ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Tawa a baya sifirin daban shokozoba daban ne. Na rage tsawon shokozoba amma tsayi bai canza ba.

Ba zai canza ba ai, don ba shi ke ɗauke da motar ba. E46, E90, Golf 4 da 5, Mercedes W203 duk haka bayansu yake, saɓanin Accord EOD ko Corolla ta 2003 zuwa 2008 da sifirin ke kewaye da shokozoban. A mai raba biyun, tsayi yana wajen ɗan mazaunin zaren da ke kan sifirin. Tsawon shokozoba aikinsa iyakance hawa da saukar ƙafa, a saita shi bayan an gama da tsayi kuma ya zo ɗaya hagu da dama. In ya yi gajere da yawa zai riƙa finciko ƙafar yana bugawa, in ya yi tsawo kuma sifirin zai yi sako-sako duk sanda ƙafar ta rataye, har ya iya gocewa daga mazauninsa.

Abu na biyu da ke ba mutane mamaki a irin waɗannan motocin, sifirin ba a bakin taya yake ba, yana can ciki a tsakiyar hannun. Don haka abin da ka juya a zobe yana ninkuwa kafin ya iso taya. A ce sifirin na daidai rabin hannun, mm 5 a zobe zai zama mm 10 a taya. Shi yasa mutum zai ga bambancin mm 10, ya ɗaga zobe mm 10, ya sauke mota yaga yanzu ɗaya gefen ne ya kwanta. Ka fara da rabin abin da kake tunani. Wannan ninkin kuma yana aiki a kan kuskure, kuskuren mm 3 wajen ɗaurawa ya isa ya fito fili a bodi.

Akwai abin da ake iya mantawa wajen ɗaurawa?

Akwai, kuma ƙananan abubuwa ne. Robar da sifirin ke zama a kai, gefe ɗaya an bar ta kamfani a ciki ɗayan ta faɗo an share ta da shara. Ko duka suna nan amma ba kauri ɗaya ba, Mercedes misali robobin sifirin ɗinta kala-kala ne, ana gane kaurin da yawan ƙananan ƙurajen da ke bakinta, in tsohon mai motar ya taɓa canza guda ɗaya daga kasuwar kayan gwangwan ba mamaki ka samu mai ɗaya a hagu mai uku a dama. BMW ma robobinta na baya kauri daban daban ne. Sai wutsiyar sifirin, a hannun ƙasa na wasu motocin akwai ɗan gurbin da ƙarshen sifirin ke faɗawa, in ya hau kan tudun maimakon gurbin motar ta ɗaga a nan.

Sannan ka goge jikin sifirin ɗin ka karanta lambar. A na BC zaka ga wani abu kamar 62.180.006, wato faɗin ciki mm 62, tsawo 180, ƙarfi kilo 6. Na hagu da na dama su zo ɗaya. Kayan da aka sayo na hannu an sha samun an cakuɗa na gaba da na baya. In lambobi sun yi daidai amma har yanzu kana zargin sifirin, ka musanya su, na hagu ya koma dama. Karkatar ta bi shi, sifirin ne. Ta tsaya inda take, ka bar zargin mai kaya ka koma kan motar.

Na ɗaga bayan hagu ya daidaita, sai kuma gaban dama ya sauka. Wai me ke faruwa ne?

Ka tuna teburin mai shayi da ƙafa ɗaya bata kai ƙasa ba, in ka cusa kwali a ƙarƙashinta nauyin yana komawa kanta ne da ƙafar da ke kallonta ta kusurwa. Mota ma haka take. Ka ɗaga bayan hagu, ka ƙara masa nauyi shi da gaban dama, ka rage wa gaban hagu da bayan dama. Ma'ana sau da yawa bayan da kake gani a karkace lafiyarsa ƙalau, gaba ne aka ɗaura ba daidai ba, gaban dama ya yi tsawo ya danne bayan hagu. Mutum ya wuni yana fama da baya alhali ciwon na gaba.

Masu motocin tsere suna ɗora mota a kan sikeli huɗu ne, su tabbatar gaban dama da bayan hagu in an haɗa sun ba da kashi 50 cikin 100 na nauyin motar. Ba kowane gari ake samun wannan sikelin ba, amma akwai dabara. Linkej a cire, sai a sa jak a daidai tsakiyar gaba, a wurin da ƙarfen zai iya ɗauka, a ɗaga har tayoyin gaba su bar ƙasa kaɗan. Yanzu gaba ba shi da ta cewa. A auna baya. In ya miƙe, matsalar a gaba take. In bai miƙe ba a gyara shi a haka har ya daidaita, a sauke, duk karkatar da ta rage kuma a neme ta a ƙafafun gaba. In zaka gyara bambancin mm 8 a baya, gara ka ɗaga mai ƙasa 4 ka sauke mai sama 4 da ka ɗora duka a ƙafa ɗaya.

Motar da nauyin kusurwarta ya goce tana iya zama daidai a ido, amma a kwana zaka ji ta fi yarda da juyawa gefe ɗaya, birki mai ƙarfi kuma taya ɗaya ta riga kamewa.

In na ƙara taurin ɗan makunnin sama mai ƙas-ƙas zai ɗaga gefen?

A'a. Wannan saurin motsin shokozoba yake saitawa, ba tsayi ba. Ka dai ƙirga ka sa hagu da dama lamba ɗaya. Abin da zai iya ɗan sauke gefe ta ɓangaren shokozoba shine in gas ɗinsa ya zube, ka duba ko jikinsa ya jiƙe da mai.

Ina ta sauke zobe amma gefe ɗaya ya ƙi sauka.

Leƙa ka gani ko motar ta riga ta zauna a kan robar tsayawa da ke jikin sandar shokozoba. In ta zauna a kai, sifirin ya zama ɗan kallo, kuma tafiyar zata zama kamar ba sifirin sam. Wannan ba daidaitawa yake so ba, ka sauke motar fiye da ƙima ne, a ɗaga duka biyun. Da irin bamp ɗin da ake ginawa a unguwanninmu ma ban ga ribar kwantar da mota har haka ba.

Na sa tulun CNG a but. Shi ne?

Zai iya zama. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa suka koma gas, kuma tulun ƙarfen da ake kwantarwa a but yana kai kilo 60 har sama, ban da ƙarafan da ke riƙe shi. In a tsakiya yake zai sauke bayan ne gaba ɗaya, in an matsar da shi gefe don a bar wurin kaya to gefen zai fi sauka. A daidaita tsayi da tulun a ciki. In kuma kana ɗaukar mutum uku a baya ga tulu, juya zobe ba zai wadatar ba, sifirin mai ƙarfi kaɗan ake nema, a canza biyun tare.

Nauyin direba ma haka. In kusan kullum kai kaɗai ne a motar, ka sa wani mai jikinka ya zauna a kujerarka lokacin awo. Sai dai ka sani in ka fito ka ajiye ta gefen hagu zai ɗan fi tsawo, sai ka zaɓa, kyan tafiya kake so ko kyan hoto.

An duba duk wannan, amma sai na bambanta zaren da kusan mm 20 kafin ta miƙe.

To nan kam a ajiye sifanar koyiloba a shiga ƙarƙashin mota da tocila. Motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas da yawansu daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke, irin Copart da IAA, an gyara an fesa fenti sun yi kyau. Farko ka tabbatar ba bodin ne kaɗai ke yaudararka ba, in fanel bita ya taɓa buga gefen baya ko ya cika shi da fila, bakin bodin na iya sauka ko ɗagawa alhali shasi na daidai. Ka auna daga ƙasa zuwa wuraren sa jak na hagu da dama, waɗanda ba su lotse ba. In nan ya zo ɗaya, bodi ne, ka bar ƙafafun a daidaice ka haƙura da idon mutane, kar ka karkatar da lafiyayyar mota don ta bi karkataccen bodi.

In nan ma ya bambanta, a duba hannuwan ƙafa ko ɗaya ya lanƙwashe, a duba bim ɗin baya a motoci irin Golf 3 da 4 da Corolla, a duba inda kan shokozoba ke ɗaure ko ya kumburo sama. Masu E46 su duba ƙasan but inda sabfirem ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe da hannuwan ƙafafu, ke ɗaure, motar ta yi suna wajen tsagewa a nan, kuma kaya masu tauri ƙara mata suke. Lambar VIN ma, wato lambar shasi, in ka bincika ta a intanet sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa, kaga inda aka buge ta da idonka.

Peugeot 206 ce tawa, an sa koyiloba a gaba, bayan ya karkace.

206 da 306 ba su da naɗaɗɗen sifirin a baya, sandunan murɗi ne, ana sauke su ne ta zare sandar a juya haƙoranta a mayar. In an mayar da hagu da dama ba a awo ɗaya ba, dole ta karkace. Amma kafin nan a duba boris ɗin cikin akis ɗin, in ka tsaya a baya kaga kan taya ɗaya ya kwanta ciki to ya ci, tsofaffin kanikawan Peugeot na Kaduna da ido kawai suke gane wannan.

Zoben ya ƙi juyawa, a sa kurfi da guduma?

Kar ka bari. Zobban nan yawanci alminiyom ne, kurfi cinye haƙoransu yake. A ɗaga mota nauyi ya bar sifirin, a sa ƙarfen tsaro a ƙarƙashi kar a dogara da jak kaɗai, a wanke zaren da buroshi a fitar da ƙura da yashi, a fesa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa, sannan a sa sifanar da ta zo da kayan. Ƙurar hunturu da laka ta damina su ke cika zaren, giris mai yawa kuma ƙara kama yashi yake, shafa kaɗan ya isa.

Na samu ta miƙe. Saura me?

Alaimen, kuma sai bayan tsayi ya zauna, don duk sanda ka taɓa tsayi kwanciyar taya da inda ta dosa suna canzawa, wanda ya yi alaimen kafin ya gama da zobba sau biyu zai biya. In ka ƙi yi kuma cikin tayoyin baya zai cinye kafin ka ankara, waje na nan sabo fil. A tabbatar an kulle duk zobba, a sake taɓa su bayan 'yan kwanaki. A duba tiyon birki da wayar ABS basa gogar komai, taya kuma bata cin bodi in an ɗauki mutane. Mota mai fitilar zenon tana da ɗan hannun awo a ƙafar baya, in an sauke mota yana ɗauka kaya aka loda sai ya dunƙufar da fitila, a sake saita ta. Tsohuwar Golf 3 marar ABS kuma akwai bawul a jikin bim ɗin baya da ke ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta sauka da kaya, shima bai san koyiloba ka sa ba, in ba a sake saita shi ba tayoyin baya na iya riga na gaba kamewa, ka sa a duba shi kafin ka hau babbar hanya.